Kaugama da Kogin Haɗeja: Arzikin Tudu da Fadama

Kaugama hedkwatar ƙaramar hukuma ce a masarautar Haɗeja, cikin Jihar Jigawa wadda aka cire daga Jihar Kano a shekarar 1991. Haɗeja kuwa tsohon gari ne mai tarihi. Nan ne Sarki Buhari ya yi zamani a tsakiyar ƙarni na 19, nan ne kuma aka gwabza yaƙi da Turawan Ingila a 1906. Amma tun kafin waɗannan al'amura, ruwa ne ke tsara rayuwar jama'ar wannan yanki.

Ƙasar ta kasu gida biyu. A tudu, inda jigawa take, ana noma gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo a cikin damina. A kwari kuwa akwai fadamar Kogin Haɗeja. Wannan kogi yana samun ruwansa ne daga Kogin Kano da na Calawa, sa'an nan ya haɗu da na Jama'are su zama Kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Cadi.

A da, kogin yakan yi ambaliya wajen watan Agusta, ya shimfiɗa sabuwar laka a fadama. Tarwaɗa da karfasa sukan bi ruwan su yi ƙwai a cikin ciyayi, manomi ya samu shinkafa. Idan ruwa ya janye, a shuka kayan rani, Fulani su kawo shanu kiwo. Wato fili guda yana ciyar da masunci da manomi da makiyayi, kowa da lokacinsa.

Gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, ya sauya wannan tsari. Madatsun sun ba birnin Kano ruwan sha, sun kuma bunƙasa noman rani. Sai dai ambaliyar shekara ta ragu, ga kuma ruwan da ake saki yana gudana a hankali har cikin rani.

Wannan yanayi shi ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Da can zafin bazara ne ke busar da ita. Da ta samu ruwa shekara cur, sai ta riƙa yaɗuwa ta hanyar saiwoyinta masu rarrafe a ƙarƙashin laka, da kuma 'ya'yanta da iska ke ɗauka. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Tsuntsayen jan baki masu ɓarnar hatsi suna kwana a cikinta, haka ma sauro da dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya.

Kacala tana da lago guda, wanda ya kamata ɗalibai su sani. Saiwarta tana samun iska ne ta wasu ƙananan ramuka da ke cikin ganye da kara. Saboda haka idan aka sare ta a ƙarƙashin ruwa, aka maimaita, saiwar takan shaƙe ta ruɓe. Sara kaɗai dai ba zai wadatar ba. Sai an daidaita sakin ruwa daga madatsun, ta yadda fadama za ta cika da damina, ta kuma bushe da rani.