Rijiyar taka ce, amma marmaron maƙwabci fa?

Tun da aka amince da gina manyan cibiyoyin adana bayanan kwamfuta kusa da tsohon filin yaƙi na Manassas a watan Disamba na 2023, maganar ruwa ba ta bar bakin mutanen yammacin gundumar Prince William ta jihar Virginia ba. Duk wanda rijiyarsa ta yi ƙasa, da irin waɗannan cibiyoyi yake kuka. Suna da nasu laifin, tunda suna rufe ƙasar da ruwan sama ke nutsewa, amma galibinsu ruwan famfo suke sha. Rijiyar ban ruwa ta maƙwabci kuwa ba a son ambatonta.

Kwanan baya a wajen wani suna, wani ɗan'uwanmu da ya sayi fili wajen Nokesville don noman rama da gauta ya ce burtsatse zai haƙa. Na tuna masa da marmaron da dawakan maƙwabcinsa ke sha a gangare. Ya ajiye cokali ya ce: "Malam, ƙafa 400 zan nutsa, nasa kuwa a sama yake. Ina ruwan biri da gada?"

Wannan tunanin ne ke damuna. Mutane sun ɗauka kowace gona da nata kogin a ƙasa. A nan yankin, ruwan yana maƙale ne a tsagogin jan dutse, tsagogin kuma ba su san shinge ba. Marmaro dai bakin randa ne. Randar da ta cika tana tumbatsa. Ka kwashi moɗa uku kawai, tumbatsar ta tsaya cak, alhali randar cike take. Ba sai ka ƙarar da ruwan ƙasa ba, ka sauke shi kamu ɗaya ya isa idon ruwa ya rufe. Kuma ko daga gindin randar ka huda, daga sama ruwan zai ragu. Haka ƙwaryar fura take: wanda ya zurfafa ludayi, rabon na gefensa ma ya taɓa.

Masanin ruwa Charles Theis ya fayyace wannan tun 1940: abin da rijiya ta zuƙa, daga wani wuri aka rage shi. Da farko ajiyar ƙasa take ci, daga baya ta koma cin rabon rafi da marmaro. Ɓarnar kan ɗauki watanni ko shekaru kafin ta bayyana, kamar gara a azara, shi ya sa mai injin ke rantsuwa ba shi ba ne, kuma da gaske yake.

To ina doka? Dokar jihar Virginia ta 1992 ta ce sai da izini za a ja galan 300,000 a wata, wato jarka sama da 45,000, amma a yankunan da aka keɓe kaɗai. Da aka faɗaɗa yankin a 2014, a Prince William babbar hanyar I-95 aka mai da iyaka. Manassas da Nokesville suna yamma da ita. A nan, mai ban ruwa rahoto kawai zai kai, shi ma sai ya haura galan miliyan 1 a wata. A ganina hukuma ta bar mutane da yawa a rana.

Kotu ma ba ta cika share hawaye ba. A 1927 marmaron wani mutum mai suna Compton ya ƙafe saboda haƙar kwal ta kamfanin Clinchfield. Kotun ƙolin jihar ta ba kamfanin gaskiya, domin sai mai ƙara ya nuna cewa ruwan yana bin sananniyar hanya a ƙarƙashin ƙasa. Talaka zai iya? A Fort Stockton ta jihar Texas, rijiyoyin ban ruwa sun kashe babban marmaron Comanche, kotu ta goyi bayan masu injuna a 1954. Yanzu sai a wasu shekarun, cikin hunturu da aka kashe injuna, yake ɗan farfaɗowa.

Mu ma mun san abin. Unguwanni nawa ne a Kano rijiyar gida ta ƙafe bayan burtsatse ta zagaye ta? A fadama kuwa, kowa ya dasa bututunsa ba mai ƙirga.

Ɗan'uwa mai niyyar haƙa, ka fara zama da maƙwabcinka, ka sa mai haƙan ya yi gwajin jan ruwa ana duban marmaron, ka kuma yi ban ruwa na ɗigo. Kai kuma mai marmaro, ɗauki bokiti da agogo duk wata, ka ga daƙiƙa nawa yake cika, ka rubuta da kwanan wata. Ka fara tun kafin motar haƙa ta iso.