Sauraro kafin shawara: Yadda ɗalibi zai koyi taimaka wa abokinsa da ke cikin damuwa

A kusan kowane aji akwai ɗalibi ɗaya ko biyu da sauran 'yan aji ke kai wa kukansu. Wani lokaci shugaban aji ne, wani lokaci kuma wata ce mai sanyin hali da ke zama a bencin baya. Idan kana cikin irin waɗannan, ka sani aikin da ke wuyanka ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara da matasa 7 masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar da ta shafi lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar tsananin damuwa ko fargaba. A ajin da ke da ɗalibai 70, kusan mutum 10 ke nan. Da yawansu ba likita suke fara nema ba, aboki ko ƙawa suke fara faɗa wa. Abin da abokin ya ce a wannan lokaci na iya sa mai damuwa ya nemi taimako, yana kuma iya sa ya rufe bakinsa har abada.

Abin daɗin shi ne, wannan aiki ana koyonsa kamar yadda ake koyon ɗinki ko lissafi.

Ba nasiha ba ce

Mun saba da nasiha: babba ya zaunar da yaro, ya faɗa masa abin da ya kamata ya yi, yaro ya sunkuyar da kai ya ce to. Nasiha tana da muhallinta. Amma aikin malamin shawara da jagoranci daban ne. Shi mai damuwar ne ke yin yawancin magana, mai taimako kuma yana sauraro yana tambaya, har mutumin ya gane matsalarsa da kyau ya zaɓi mafita da kansa.

Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Carl Rogers, wanda ya rayu daga 1902 zuwa 1987, shi ya fi kowa yaɗa wannan fahimta. A wata maƙala da ya fitar a 1957 ya jero sharuɗɗan da ke sa zaman shawara ya yi amfani, kuma uku daga ciki sun shafi halin mai taimako: ya ji damuwar mutum kamar yadda mutumin ke jin ta, ya karɓe shi da mutunci ba tare da yanke masa hukunci ba, sannan ya zama mai gaskiya, kada ya nuna damuwar da ba ta kai zuci ba. Hausawa sun daɗe da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikinka ka haska masa fitila, ba ka hau rufin ka ce ka fi shi sanin ɗakinsa ba.

A Najeriya, ana danganta farkon wannan aiki a makarantu da shekarar 1959, lokacin da malaman kwalejin 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban domin su tattauna da ɗaliban ajin ƙarshe kan sana'ar da za su bi. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa, CASSON, a 1976, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a samar da malaman shawara a makarantun sakandare.

Dabaru huɗu na farko

Na ɗaya, zama. Ka nemi wuri mai natsuwa amma a sarari, kamar gindin bishiya a farfajiyar makaranta. Ka ajiye littafi ko waya, ka fuskanci mai magana. Littattafan Turawa na jaddada kallon mutum cikin ido, amma a wajenmu wani idan aka ƙura masa ido kunya ce ke kama shi ya kasa magana. Zama gefe da gefe yakan fi sauƙi. Ya fi dacewa kuma mace ta saurari mace, namiji ya saurari namiji.

Na biyu, mayar wa mutum maganarsa. Idan ƙawarki ta ce, "Ni kam na gaji da gidan nan, komai ni, komai ni," kada ki yi saurin cewa "Ki yi haƙuri." Gwada cewa, "Ƙawata, ke nan aikin gidan duk a kanki yake, kuma kina ganin ba wanda ya lura da wahalarki?" Idan kin fahimta daidai za ta ce e, ta ƙara bayani. Idan ba haka take nufi ba za ta gyara miki. Ko ta wace hanya, ta san ana jin ta.

Na uku, tambayar da ke buɗe baki. "Ka yi faɗa da babanka ne?" amsarta e ko a'a ce, magana ta ƙare. "Me ya faru da ka koma gida jiya?" kuwa tana jawo labari. A yi hattara da "don me", domin "Don me ka yi haka?" takan zo wa mutum kamar tuhuma.

Na huɗu, jure shiru. Sabon mai koyo yakan tsorata idan aka yi shiru, sai ya cike wurin da labarin kansa. Sau da yawa a cikin shirun nan ne mutum ke tattara ƙarfin faɗin abin da ya fi masa nauyi. Ka ƙirga zuwa goma a zuciyarka kafin ka ce wani abu.

Akwai kuma kalaman da ke kashe magana nan take: "Ai wannan ba komai ba ne," "Wasu sun fi ka shiga uku," "Namiji ba ya kuka," "Laifinki ne." Addu'a da tunatarwa kan haƙuri suna da kyau, amma sun fi shiga zuciya bayan mutum ya gama amayar da abin da ke cinsa.

Matakai uku na zaman shawara

Gerard Egan, wani malamin jami'a a Amurka, ya fitar da littafi a 1975 wanda har yau ake horar da masu koyo da shi. Ya raba aikin gida uku: me ke faruwa, me mutum yake so ya canza, sannan ta yaya zai kai can.

Ɗauki misalin ɗalibin aji biyar da ke yawan barci a aji, sakamakonsa kuma ya yi ƙasa. A matakin farko, sauraro zai iya bayyana cewa yana tsare shagon mahaifinsa har ƙarfe goma na dare, kuma yana jin nauyin yi masa magana. Ka ga matsalar ba lalaci ba ce kamar yadda 'yan aji ke zato. A mataki na biyu sai ka tambaye shi, "Aboki, da abubuwa za su gyaru, yaya kake so ranarka ta kasance?" Wataƙila ya ce ba ya son barin shagon gaba ɗaya, awa biyu na karatu kawai yake buƙata. A mataki na uku sai ku jero hanyoyi tare: ya yi wa mahaifiyarsa magana, ko kawunsa da mahaifin ke jin maganarsa, ko malamin aji ya sa baki, ko su riƙa karɓa-karɓa da ƙanensa. Shi zai zaɓi wadda yake ganin za ta yiwu a gidansu, ya faɗi ranar da zai gwada. Bayan 'yan kwanaki ka tambaye shi yadda aka yi.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne tsallakawa zuwa mataki na uku tun ba a gama na farko ba. Da ka ce masa tun farko "Ka riƙa kwanciya da wuri," da ka ba shi maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba.

Sirri, da inda ya tsaya

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da aka faɗa maka ba na hira ba ne a ɗakin kwana, ba kuma na zaurukan WhatsApp ba. Sirri ɗaya da ka fasa ya isa ya sa ba wanda zai sake yarda da kai.

Amma akwai abin da riƙe shi haɗari ne. Idan mutum ya ce yana tunanin kashe kansa ko cutar da jikinsa, ko wani yana cin zarafinsa ko yi masa fyaɗe, ko yana shirin cutar da wani, ko ya faɗa shan ƙwaya irin tiramadol ko kodin, dole babba ya sani. Shi ya sa ba a yin alƙawarin "ba zan faɗa wa kowa ba" tun kafin a ji magana. Abin da ya dace shi ne, "Zan riƙe maka sirri, sai dai idan rayuwarka ko ta wani na cikin haɗari. A nan kam sai mu je wurin babba tare."

Idan ka ji kalamai irin su "gara ma in mutu in huta," kada ka ɗauke su wasa. Masana sun tabbatar cewa tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada ka bar shi shi kaɗai, ka kai maganar ga malamin shawara, uwar ɗakin kwana, shugaban makaranta ko wani babba da ya yarda da shi, a ranar ba gobe ba. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa da ke Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Jihar Sakkwato, akwai kuma na Dawanau a Kano. Zuwa irin waɗannan wurare ba alamar hauka ba ce, kamar yadda zuwa asibitin ido ba ya nufin makanta.

Darasi daga Zimbabuwe

Mai shakkar ko wanda ba likita ba zai iya taimakawa, ya dubi Zimbabuwe. A birnin Harare, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, suna sauraron masu fama da abin da mutanen Shona ke kira kufungisisa, wato yawan tunani. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi bayan wata shida idan aka kwatanta da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. A lura, kakannin sun samu horo, akwai ƙwararru da ke duba aikinsu, kuma suna tura wanda matsalarsa ta fi ƙarfinsu ga likita.

Yadda za ku fara

Ku haɗu ku uku. Ɗaya ya yi magana na minti biyar kan wata ƙaramar damuwa, kamar tsoron jarrabawar WAEC ko NECO. Na biyu ya saurara ba tare da ba da shawara ko sau ɗaya ba, sai tambaya da mayar da magana. Na uku ya zauna gefe yana rubuta sau nawa mai sauraro ya katse magana, da tambayoyin da suka jawo bayani. Sai ku canza matsayi har kowa ya yi duka ukun. Idan makarantarku tana da malamin shawara, ku roƙe shi ya riƙa zama da ku, ko ya taimaka muku kafa ƙungiyar ɗalibai masu taimakon juna.

Ka kula da kanka ma. Idan labarin wani ya hana ka barci ko karatu, ka faɗa wa malamin ba tare da bayyana sunan mai shi ba, sai fa idan akwai haɗari. Ba laifi ba ne ka ce, "Wannan ya fi ƙarfina, zo mu je wurin Malam."

Wanda kuma ya ji aikin ya kwanta masa, hanya a buɗe take. Ana karanta fannin shawara da jagoranci a tsangayoyin ilimi na jami'o'i, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma masu wannan ilimi na aiki a makarantu, asibitoci, gidajen gyaran hali da sansanonin 'yan gudun hijira. Kafin lokacin, gwajin farko na nan a ajinku: idan wani ya ce maka "Ina son magana da kai," ka ajiye abin da ke hannunka, ka bar shi ya kai aya.