Idan Karen Gida Ya Mutu: Juyayi, Binnewa Da Kiyaye Lafiyar Iyali

Gabatarwa

A ƙauyukanmu da rugagenmu kare yana daga cikin ma'aikatan gida. Shi ne yake kwana a bakin garke yana sauraron motsin dila da ɓarawo, shi yake korar birai daga gonar masara idan ta fara goyo, kuma shi yake raka yara zuwa gona da rafi. Malamai sun bayyana halaccin ajiye kare domin kiwo da gadin gona da farauta, kuma a kan haka manoma da makiyaya da maharba suke riƙe da shi tun kaka da kakanni. Karen da ya sami kulawa yakan rayu shekara 10 zuwa 13. Ke nan yaron da aka kawo kwikwiyo gida a makon sunansa, sai ya kusa gama firamare kafin su rabu.

Saboda haka ranar da wannan dabba ta mutu, ya kai manomi, abubuwa biyu ne a gabanka. Na farko shi ne damuwar iyalinka. Na biyu shi ne haɗarin da mushen zai iya jawowa ga mutane da dabbobi idan ba a san abin da ya kashe shi ba. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan duka biyun.

Sabo ake yi wa kuka

Magidanta da yawa sukan ɓoye damuwarsu don gudun kada a ce babba da shi yana jimamin kare. Babu abin kunya a cikin wannan. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba. Wanda ya yi shekaru yana jin haushin karensa da tsakar dare, dole shirun da ya biyo baya ya dame shi. Makiyayin da ya saba tafiya daji da karensa yakan waiga ya kira sunansa bayan kwanaki da mutuwarsa.

Abin ya fi tsanani ga yara, domin sau da yawa wannan ita ce mutuwa ta farko da suka gani a kusa. Wani yaron zai ƙi cin abinci, wani ya riƙa zama a inda karen yake kwanciya, wani kuma ya ɗora wa kansa laifi. Ana ba iyaye shawara kamar haka:

1. A faɗa wa yaro gaskiya da kalmomin da zai fahimta. Idan aka ce masa karen ya yi tafiya, zai zauna jiran dawowarsa, kuma ranar da ya gano gaskiya zai rage yarda da maganar manya.
2. Kada a tsawata masa da cewa “ai kare ne kawai”. A bar shi ya yi kukansa, a saurari tambayoyinsa.
3. Idan ya ce laifinsa ne, a kwantar masa da hankali, a nuna masa cewa kula da lafiyar dabba nauyin manya ne.
4. A tambaye shi a hankali ko karen ya cije shi, ko ya yakushe shi, ko ya lashi wani rauni a jikinsa kafin ya mutu. Yara sukan ɓoye irin wannan don tsoron duka.

Wannan tambaya ta ƙarshe tana iya ceton rai, kamar yadda za a gani a ƙasa.

A binciki abin da ya kashe shi

Karen da ya tsufa ya riƙa raguwa a hankali har ya mutu, lamarinsa da sauƙi. Wanda ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne wanda ya mutu farat ɗaya, ko bayan halinsa ya canza.

Ciwon haukan kare shi ne abin tsoro na farko. Alamominsa sun haɗa da dalalar da miyau, canjin murya, cizon duk abin da ya gani, kasa haɗiye abinci, da shanyewar ƙafafu. Wani karen ba ya yin faɗa ko kaɗan, sai dai ya yi lamo ya laɓe a lungu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma idan aka wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, aka garzaya asibiti aka fara allura a kan lokaci, ana tsira. Duk wanda karen ya ciza a kwanakinsa na ƙarshe ya tafi asibiti a ranar, kada a jira sakamakon gwaji. A sanar da likitan dabbobi kafin a binne, domin a ƙwaƙwalwar kare ake gano cutar, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin wannan gwaji. Kada kai da kanka ka yanke kan ko ka fasa shi.

Abu na biyu shi ne guba, kuma yawanci daga kayan gonarmu take fitowa. Kare yakan sha ruwa a mazubin da aka haɗa maganin feshi, ko ya ci abincin da aka sa wa maganin ɓera, ko ya ci ɓeran da maganin ya kashe. Wasu magungunan ƙwari suna sa dalalar da miyau da karkarwa da amai da gudawa cikin ɗan lokaci. Wasu magungunan ɓera kuwa sai bayan kwanaki suke nunawa, jini ya riƙa fita ta hanci ko cikin kashi. Lura cewa dalalar da miyau tana cikin alamomin guba da na hauka duka, don haka kada ka yanke hukunci da ido. Idan guba ce, ka tuna cewa inda bakin kare ya kai, hannun yaro mai rarrafe ma zai kai. A kulle magunguna, a huda mazuban da suka ƙare don kada a sake amfani da su.

Abu na uku ya fi shafar kwiyakwiyai, wato gudawa mai jini da wari haɗe da amai. Ƙwayar wannan cuta tana daɗewa a ƙasa na watanni da yawa, tana jiran kwikwiyon da za a kawo na gaba. Kaska ma tana sa wa kare ciwon da ke ƙarar da jini, a ga dasashinsa ya yi fari.

Yadda za a binne mushen

Jefar da mushen kare a juji ko kwata ko bakin rafi yana gurɓata ruwa, yana kuma jawo wasu karnukan su ci su kamu. Haka nan a wasu sassan ƙasar nan ana cinikin karnuka domin nama. Kada a sayar da kare mara lafiya ko wanda ya mutu, domin mai fiɗa yana iya kamuwa da ciwon hauka ta raunin da ke hannunsa.

A zaɓi wuri mai tudu wanda ruwa ba ya kwanciya, mai nisan aƙalla mita 30 daga rijiya ko rafi. A haƙa rami mai zurfin mita 1 zuwa 1 da rabi. Mai ɗauka ya sa safar hannu ko ya rufe hannuwansa da leda mai kauri. A binne shi tare da buhu ko tsumman da yake kwanciya a kai, a danne ƙasar sosai, a ɗora duwatsu ko ƙaya don kada wata dabba ta tone. Daga nan a wanke hannu da kayan aiki da sabulu, a wanke makwancinsa da ruwan bilic. Yara suna iya tsayawa daga nesa su ga an binne shi cikin mutunci, amma kada su taɓa mushen.

Tunawa da shi

Iyali da yawa sukan sami sauƙi idan aka bar wata alama. Hanya mai amfani ita ce a dasa itacen inuwa irin su darbejiya a gefen wurin, a ba yaron da ya fi shaƙuwa da karen aikin ba shi ruwa. A ajiye hotonsa idan akwai a waya, kuma kada a hana yara ba da labarinsa: ranar da ya kori maciji daga rumbu, ko daren da ya tashi gida saboda ɓarayin awaki.

Kada a yi gaggawar kawo wani domin a rufe bakin yara. Idan gudawa mai jini ce ta kashe na farko, a nemi shawarar likitan dabbobi a kan lokacin da ya dace. Idan lokaci ya yi, a ɗauko kwikwiyon da ya kai mako 8 tare da uwarsa. A fara masa allurar cututtukan kwiyakwiyai tun yana mako 6 zuwa 8, a yi masa ta ciwon hauka idan ya cika wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, a kuma adana katin. A ba shi maganin tsutsar ciki duk bayan wata 3, a riƙa cire masa kaska, kuma kada a jefa masa ɗanyen kayan ciki masu ƙulli-ƙullin ruwa ko mushen dabba.

Aikin malamin gona

Malamin gona shi ne yakan fara jin labari. Idan manomi ya kawo maka kukan mutuwar karensa, ka saurare shi da girmamawa, sannan ka tambayi yadda ya mutu da wanda ya ciza. Idan karnuka biyu ko uku suka mutu a unguwa ɗaya cikin 'yan kwanaki, ka kai rahoto ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ba tare da ɓata lokaci ba. Masana sun tabbatar da cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, yaɗuwar ciwon hauka tana katsewa. An keɓe ranar 28 ga Satumba domin faɗakarwa a kan wannan cuta, kuma dama ce ta haɗa kai da mai unguwa a tara karnukan gari a yi musu allura rana ɗaya.

Kammalawa

Karen da ya yi shekaru yana gadin dukiyarka ya cancanci a yi jimaminsa, a kuma binne shi yadda ya kamata. Ka rarrashi yaranka, ka binciki sanadin mutuwarsa, ka kai duk wanda ya ciza asibiti a ranar. Idan ka kawo wani, ka fara da allura, domin rigakafi ya fi magani. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona ko likitan dabbobi mafi kusa.