BABI NA UKU: FARFAƊO DA TSOFAFFIN ZANE-ZANEN AIKIN RIGA DAGA TAKARDU A BIRNIN KATSINA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi yadda ake ɗauko tsohon zanen aikin riga daga takarda a mayar da shi kan tufa. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa siffar zane kaɗai takarda take adanawa. Sauran ilimin, wato awo da zare da irin ɗinki, sai an nemo shi a jikin tsofaffin riguna da kuma wurin tsofaffin maɗinka.

3.1 Dangantakar Zane da Malanta

A da, a ƙasar Hausa aikin riga sana'ar maza ce, kuma akasarin masu yin ta a lokacin malamai ne da almajirai. Dalili kuwa shi ne, kafin allura ta taɓa riga sai mai zane ya zana ta da alƙalamin kara da tawada, wato kayan da ake rubutun allo da su. Hannun da ya saba da zayyanar allo da fitar da kumsa da kuri a Alƙur'ani, shi ne ya fi iya jan layin aska ba tare da ya karkace ba.

Katsina ta daɗe da shahara a wannan fage na malanta. A ƙarni na 17 ta yi malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Haka kuma Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan ilimin hatimi. Wannan ne ya sa wasu masana suke danganta zane-zanen riga masu gida-gida da hatimin malamai, domin dukkansu layuka ne da aka gitta suka fitar da gidaje daidai wa daida.

3.2 Takardun Zane

A ƙasashen Turai an fara buga littattafan zanen ɗinki tun wajen 1523 a Jamus. A nan kuwa mai zane da ka yake riƙe zanensa, ya zana kai tsaye a kan riga. Wanda ya sa zanensa a takarda yakan yi haka ne don tuni, ko don koya wa yaro, ko don nuna wa mai ba da aiki ya zaɓa. Irin waɗannan takardu warwara ne, ba a ɗinke suke ba, akan cusa su cikin kundi ko gafaka tare da sauran rubuce-rubuce. Saboda haka ba su da yawa.

David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana cikin waɗanda suka fara kula da su. A 1972 ya wallafa maƙala a kan wasu zane-zanen ɗinki da aka samu a Kano, da wata a kan wani maɗinki na Katsina. A 1979 kuma ya kammala kundin digirinsa na uku a kan aikin tufafin Hausawa.

3.3 Muhimman Zane-zane

Zane-zanen da aka fi sani a babbar riga su ne:

(a) Aska: wasu dogayen siffofi ne masu tsini kamar askar wanzami, waɗanda suke saukowa daga wuya zuwa kan aljihu ta ɓangaren hagu. Da yawansu ake kiran rigar, kamar aska biyu ko aska takwas.

(b) Tambari: zane ne zagayayye da ake sawa a ƙirji ta dama, a kuma maimaita shi a baya.

(c) Gidan biyar: murabba'ai ne guda biyar da aka jera, ɗaya a tsakiya huɗu a kewaye.

(d) Dagi: layuka ne masu sarƙe juna, ba a ganin farkonsu balle ƙarshensu. Akan same shi har a jikin gine-gine da kayan fata.

3.4 Matakan Farfaɗo da Zane

Mataki na farko shi ne kwafar takardar. Tsohuwar takarda ba ta jure ɗora wata a kanta a bi layi, domin takan karye. Ya fi kyau a ɗauki hotonta, a yi aiki da hoton.

Mataki na biyu shi ne neman tsohuwar riga mai irin wannan zane a kwatanta, domin masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Akan sami irin waɗannan riguna a gidajen sarauta da na attajiran da. A gidan tarihi na British Museum da ke Landan ma akwai riguna masu aiki da aka samo daga Eggan ta ƙasar Nufe a 1841. A jikin riga ne ake gane inda aka cike da ɗinki, da inda aka yi ƙananan huda zagayayyu, da inda aka bar tufa fili. Takarda ba ta bambance waɗannan.

Mataki na uku shi ne awo, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Rigar da, kamar saƙi ko tsamiya, da ƙyallayen saƙa siri-siri ake harhaɗa ta. Layukan haɗin nan su ne ma'aunin mai zane, da su yake sanin faɗin kowace aska, sa'annan ya auna tsawo da taƙi da yatsu. Shadda ba ta da waɗannan layuka. Don haka wajibi ne a auna tsohuwar riga, a ja layuka a kan shaddar kafin a fara zane. Idan ba a yi haka ba, sai askar ta fito gajera mai faɗi, tambari kuma ya rinjayi aljihu.

Mataki na huɗu shi ne zaɓen zare. Maɗinkan da sun yi amfani da zaren auduga da aka kaɗa da hannu, da zaren tsamiya da ake samu daga gidan wata tsutsa, da kuma alharini wanda fatake suke kawowa daga Tarabulus ta hamada. Zaren tsamiya yana da kauri, kuma ƙyallinsa a kwance yake. Zaren kanti na yanzu siriri ne mai walƙiya. Idan aka yi tsohon zane da shi, siffar za ta fito amma aikin ba zai yi tudu da nauyi irin na asali ba.

Mataki na ƙarshe shi ne ɗinkin kansa, wanda kan ɗauki watanni idan aikin mai yawa ne. Bayan an gama sai a wanke tawadar, a kai rigar mabuga domin ɗinkin ya kwanta.

3.5 Matsaloli

Babbar matsala ita ce lalacewar takardun. Gara da danshin damina suna cinye su, magada kuma ba su cika sanin darajar takardar da ba ta ɗauke da nassi ba. Matsala ta biyu ita ce keken surfani da na'ura mai aiki da kwamfuta, waɗanda suke gama riga cikin ɗan lokaci da kuɗi kaɗan. Wannan ya rage masu koyon aikin hannu. Bugu da ƙari, idan tsohon maɗinki ya rasu, sunayen ɗinki da ƙa'idojin awon da ya sani sukan bi shi, ko da takardunsa sun tsira.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa farfaɗo da tsohon zane yana buƙatar abubuwa uku a haɗe: takarda, da tsohuwar riga, da maɗinki masani. Saboda haka ya kamata Gidan Tarihi na Katsina, wanda yake a tsohon ginin Kwalejin Katsina, da sassan Hausa na jami'o'i su tattara hotunan waɗannan takardu. Ya kamata kuma a zauna da tsofaffin maɗinka a rubuta sunan kowane zane da awonsa da irin ɗinkinsa a gefen hotonsa, tun suna da rai. Babi na gaba zai dubi matsayin waɗannan riguna a wajen naɗin sarauta da hawan salla a Katsina.