Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Karatunmu na yau yana cikin Ayyukan Manzanni 19:11-20.

Bulus ya yi shekara biyu yana koyarwa a birnin Afisa, Allah kuwa ya yi manyan ayyuka ta hannunsa. A lokacin akwai waɗansu Yahudawa masu yawo gari gari, sana'arsu ke nan fitar da aljanu, cikinsu har da 'ya'ya bakwai na wani babban firist mai suna Siba. Da suka ga sunan Yesu yana aiki, sai suka ce su ma bari su gwada. Suka umarci wani aljani ya fita da sunan Yesun nan da Bulus yake wa'azinsa. Aljanin ya ce Yesu kam ya san shi, ya kuma san da Bulus, to, su fa daga ina? Nan take mai aljanin ya far musu, suka fita daga gidan da gudu, tsirara, jina-jina.

Mu lura, sunan da suka kira daidai ne, ba su yi kuskuren ko harafi ɗaya ba. Amma Yesun Bulus suka kira. Su kansu ba su san shi ba. Zanen aro suka ɗaura, shi kuwa ba ya rufe katara.

Maganar nan ta shafe mu ƙwarai. Yawancinmu a cikin ikilisiya aka haife mu. Kakanninmu ne suka bar tsafi suka bi Yesu, waɗansu har danginsu suka kore su. Mu kuma muka tashi da katin baftisma, da kayan zumuntar mata, da baikon ranar Lahadi. Duk suna da kyau. Sai dai mutum yana iya riƙe su duka, amma Allahn da yake kira na mahaifinsa ne, ko na fasto. Ranar da ciwon yaro ya ƙi ji, ko gona ta ƙi, ranar ce asiri yake tonuwa. Wani ya sa Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashi kamar laya, wani kuma ya bi dare zuwa gidan boka. Ba mugunta ce ta kai su ba, tsoro ne, gama da wuya mutum ya jingina da wanda bai sani ba. A Afisa ma, waɗanda suka riga suka ba da gaskiya ne suka fito suna tona ayyukansu na ɓoye, masu sihiri da yawa kuma suka ƙone littattafansu, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000.

Kada wannan ya karya mana zuciya. Sama'ila ya yi girma a ɗakin Ubangiji a Shilo, yana yi wa Eli hidima, duk da haka 1 Sama'ila 3:7 ta gaya mana bai riga ya san Ubangiji ba. Allah ne ya fara kiransa, da sunansa kuma, ya yi ta kira har yaron ya amsa.

To, yaya za mu amsa? Romawa 8:15 ta nuna Ruhu Mai Tsarki yana sa mu kira Allah Abba. Wannan kalmar harshen gida ce, da ita Yesu ya yi addu'a a Getsamani. Mu da muke sujada da Hausa ko Turanci, sau da yawa mukan yi tsammani addu'a sai da manyan kalmomin fasto. A'a. In Berom ne harshen da mahaifiyarmu ta goye mu da shi, ko Ngas, ko Tangale, ko Jju, mu yi masa magana da shi. Mu faɗa masa zunubin da muka ɓoye, da bashin da ya hana mu barci, sa'an nan mu buɗe Maganarsa mu saurara.

A daren yau, bayan tuwo, bari maigida ya tara iyali a karanta 1 Sama'ila sura 3. In an gama, kowa ya yi addu'a da bakinsa, har da ƙananan yara.