Kafin ka ɗora kayan gida a jirgin ruwa zuwa Ingila

Mai ƙaura daga Kano zuwa Ingila yakan so ya kwashe komai, har turmi da taɓarya. Kwantena iri biyu aka fi ɗauka, mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40. Wanda kayansa ba su kai cika ɗaya ba, sai a haɗa shi da wasu, ya biya gwargwadon wurin da ya ci. Mota ce za ta kai kayan tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas, sannan su yi makonni a teku.

A wajen kwastan aka fi tafka asara. Hukumar harajin Birtaniya, HMRC, tana yafe haraji kan kayan ƙaura idan ka yi wata 12 a jere kana zaune wajen ƙasar, kayan kuma sun yi wata 6 a hannunka. Nemi izinin wannan rangwame tun jirgi bai tashi ba, domin kwantenar da ta maƙale a tasha kullum kuɗin ajiya take ci.

Kilishi da man shanu kuwa an hana shiga da su. Don Allah kada a cusa su cikin jakar tufafi.