"Prima facie": kalmar da ta buɗe wa Zakzaky ƙofa

Ranar 28 ga Yuli, 2021, Mai Shari'a Gideon Kurada na Babbar Kotun Jihar Kaduna ya sallami Shaikh Ibrahim Zakzaky da maiɗakinsa Zeenat, bayan sun haura shekara biyar a tsare. Masu gabatar da ƙara sun kawo shaidu 15. Su kuwa waɗanda ake tuhuma ko shaida ɗaya ba su kira ba. A teburin mai shayi a Kawo har gardama ta kaure: yaya mutum zai yi nasara bai kare kansa ba?

Amsar tana cikin kalmomin Latin biyu da muka gada tare da dokar Ingila: "prima facie". Lauyoyinmu suna furta su kamar "firaima feshi", duk da ba abin da ake fesawa. Ma'anarsu ta asali ita ce "a kallon farko".

Ga yadda abin yake. Mai ƙara ne ke fara jero shaidunsa, lauyan wanda ake tuhuma yana yi musu tambayoyin ƙure. Idan an gama, lauyan yana iya miƙewa ya ce: ya Mai Shari'a, duk abin da aka faɗa bai kai a ce mutumina ya buɗe baki ba. Nan alƙali zai duba abu guda. Da za a bar shaidar nan yadda take, ba wanda ya musanta, za ta iya ɗaure mutum? Idan za ta iya, to akwai "prima facie". Idan wani ginshiƙin laifin ba shi da shaida ko kaɗan, ko kuma tambayoyi sun yi wa shaidun kaca-kaca, to magana ta ƙare. Wannan roƙon ne lauyoyin Zakzaky, bisa jagorancin Femi Falana, suka yi, kotu kuma ta amince. Wanda ya saba zama kotun shari'ar Musulunci ba zai ji baƙon abu ba, don can ma hujja tana wuyan mai da'awa.

Inda mu 'yan jarida muke yawan kwafsawa shi ne ɗaya gefen. Alƙali ya ce akwai "prima facie", sai a wayi gari an buga cewa an kama wane da laifi. Ina! Cewa kawai aka yi zargin yana da ƙafar tsayawa, malam zo ka ba da amsa. Daga nan a sa ranar da zai fara kiran nasa shaidun.